Takardu uku, suna ɗaya: wanne ne kakana a ciki?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 34. Kakana na wajen uba, Umaru Aliyu, ya rasu mahaifina yana ɗan shekara shida, don haka babu abin da Baba ya riƙe game da shi sai tsayinsa da muryarsa. Yanzu Baba ya kusa tamanin, jikin kuma ya ƙi daɗi. Na ɗauki niyyar tattara masa tarihin mahaifinsa tun yana da rai. A ma'ajiyar takardun tarihi na samu takardu uku masu sunan Umaru Aliyu, duka daga garin da kakanmu ya zauna. Ta farko ta ɗaukar aiki ce a hukumar jirgin ƙasa a 1931: akawu, shekara 24, da sa hannunsa. Ta biyu shafi ne daga kundin kotu na 1938, inda aka ɗaure Umaru Aliyu shekara biyu saboda cin amanar kuɗin da aka ba shi ajiya. Ta uku ta sayen gida ce a 1939, an dangwala yatsa a wurin sa hannu. Tun da na ga ta kotun barci ya ƙaurace mini. Ɗan baffana, wanda muke shirin buga ɗan littafin tarihin gidanmu tare, ya ce mu sa ta aikin jirgi mu binne ta kotun. Goggona, yayar Baba, ta taɓa cewa akwai wani Umarun a dangi, amma ba ta yi bayani ba. In gaya wa Baba? Kuma ta yaya zan gane ko duk mutum ɗaya ne?

Wata jika da ke cikin damuwa

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan niyya.

Kada ki gaya masa komai tukuna, domin har yanzu babu wani tabbataccen labari a hannunki da za ki kai masa. Abin da kike riƙe da shi suna ne da ya fito sau uku a gari ɗaya, kuma kama da wane ba ta wane.

Akwai abin da na lura da shi a wasiƙarki da nake so ki duba da idon basira. Takardar kotu ta hana ki barci, kina neman hujjar da za ta raba ta da kakanki. Takardar aikin jirgi kuwa kin karɓe ta hannu bibbiyu, ba ki tambaye ta komai ba. Alhali abin da ya haɗa kowaccensu da kakanki iri ɗaya ne: suna da gari. In suna da gari sun isa su mai da shi akawu, sun isa su kai shi kurkuku. In ba su isa ba, to duka biyun suna jiran hujja. A nan mafi yawan masu neman salsala suke zamewa. Mai daɗin sai a rungume ta, mai ɗacin sai a ce ai takwara ne, daga nan kuma tarihin gida ya koma abin da zuciya ke so.

Maimaituwar suna a gida ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma ba a al'umma ɗaya ya tsaya ba. Larabawa da Girkawa da mutanen Sikotlan da Ailan duk an san su da raɗa wa ɗa sunan kakansa. In aka bi wannan tsari sau biyu, sai ki samu Umaru ɗan Aliyu ɗan Umaru ɗan Aliyu: kaka da jika sunansu ɗaya har da sunan uba. In wa da ƙani kowa ya mayar da sunan mahaifinsu, an samu Aliyu biyu a zuri'a. Su ma in suka hayayyafa suka ɗauko daga 'yan sunayen da gidan ya saba juyawa, sai ga Umaru Aliyu biyu, sa'o'in juna, a unguwa ɗaya. Wani lokaci kuma yaro ne zai rasu a mayar wa ƙaninsa sunansa. Mai zanen nan na ƙasar Holan, Vincent van Gogh, an haife shi ranar 30 ga Maris 1853, shekara ɗaya cif bayan wansa da aka haifa ba rai, wanda shi ma Vincent aka sa masa. Kakansu Vincent ne, akwai kuma baffansu Vincent. Sunan iyali tsayayye da ake gada kuwa sabon abu ne a wurare da dama. Turkiyya sai a 1934 ta yi dokar da ta wajabta wa kowa ya ɗauki ɗaya. Inda babu irinsa, magatakarda yakan rubuta sunan mutum da na ubansa yadda suka faɗo masa a kunne, ya wuce ga na gaba.

Waɗanda suka fi kowa shan wahalar wannan matsala, suka kuma fi kowa iya warware ta, su ne malaman hadisi, kuma hanyarsu ce zan ɗora ki a kai. A ƙarni na biyu na hijira an yi manyan maruwaita biyu masu suna Sufyanu: Sufyanu Assauri, wanda ya rasu a 161, da Sufyanu ɗan Uyaina, wanda ya rasu a 198. Duka biyun asalinsu Kufa ne, fanninsu ɗaya, sun yi tarayya a wasu malaman. A Basra kuma ga Hammadu ɗan Salama, wanda ya rasu a 167, ga Hammadu ɗan Zaidu, wanda ya rasu a 179. Sau da yawa a isnadi, wato jerin waɗanda suka karɓo hadisi ɗaya daga ɗaya, sai a ce "Sufyanu ya ba mu labari" kawai, babu ƙarin bayani. Malaman ba sa tsayawa su yi ta kallon sunan. Suna duba wanda ke gabansa da wanda ke bayansa, su ɗora a kan shekaru. In Imamu Ahmad ɗan Hambali ne ya ce Sufyanu ya ba shi labari baki da baki, magana ta ƙare, ɗan Uyaina ne, domin an haifi Ahmad a 164, shekara uku bayan rasuwar Assauri. Abin ya yi girman da har Alhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463, ya ware littafi guda, Almuttafiƙ wal Muftariƙ, a kan mutanen da sunayensu suka zo ɗaya alhali su daban ne. Tambayoyinsu uku ne kullum: da wa ya zauna, a ina, a wace shekara. Su za ki yi wa takardunki.

Ki samu farar takarda uku, ki ɗauka mutum uku ne daban har sai hujja ta tilasta miki haɗa su. A kan kowacce ki kwashe duk abin da takardar ta faɗa, har abin da kike ganin ba shi da amfani: wata da rana, unguwa, sana'a, sunan shaidu, sunan wanda ya tsaya wa mutumin, iyakokin gidan da sunayen maƙwabtan gabas da yamma. Sai ki ɗauko ta huɗu, ta kakanki na haƙiƙa, kada ki rubuta komai a kanta sai abin da ya rataya da Baba ko Goggo kai tsaye. Za ki ga ta huɗun kusan wayam take. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Daga ita aikin zai fara, domin salsala daga mai rai ake hawa zuwa ga mamaci, mataki bayan mataki, ba a tsallake a kamo suna daga can nesa a ja shi zuwa gida.

Tun a yanzu ma takardunki suna gardama da juna, kuma gardamar tana da amfani. Wanda aka ɗaure shekara biyu a 1938, a ƙa'ida yana tsare a 1939, lokacin da wani Umaru Aliyu yake sayen gida. Akawun 1931 ya sa hannu da alƙalami, mai sayen gida kuwa yatsa ya dangwala, kuma da wuya mutumin da rubutu ne sana'arsa ya koma dangwale bayan shekara takwas. Wannan yana nuna mutum biyu ne aƙalla. Amma kada ki yi saurin rufe littafi a kansa. Ana rage wa fursuna wa'adi, ana soke hukunci a ɗaukaka ƙara, ana saye ta hannun wakili, kuma akwai ofisoshin da ke sa kowa ya dangwala ko ya iya rubutu. Saboda haka ki koma ki duba watan da aka yanke hukuncin da watan da aka yi cinikin, ki kuma duba ko takardar ta ce mai sayen ya halarta da kansa a gaban shaidu.

Shafi ɗaya kika gani na kundin kotu. Ki nemi shari'ar dukanta, daga shigar da ƙara zuwa hukunci. A ciki ne ake faɗin sana'ar wanda ake ƙara, da unguwarsu, da mai kuɗin, da wanda ya yi belinsa, wanda galibi uba ne ko wa ko suruki. Sunan mai belin kaɗai yana iya raba miki gardama. Haka fayil ɗin aikin jirgi: takardar ɗauka bakin ƙofa ce kawai. A ciki ake rubuta makusancin da za a nema in wani abu ya faru, da tashoshin da aka kai ma'aikaci, da ranar barin aiki da dalilinsa. In akawun yana karɓar albashi ba yankewa daga 1938 zuwa 1940, ba shi ne ɗaurarren ba. In kuma an kore shi a 1938, to da alama mutum ɗaya ne, amma ko a hakan tambayar ko shi ne kakanki tana nan ba a amsa ta ba.

Takardar da na fi so ki sa ƙarfinki a kanta ba ta cikin ukun nan. Ita ce ta rabon gadon kakanki, wadda bisa lissafin shekarun Baba za ta faɗo a farkon shekarun 1950. Takardar gado ita ce ke jera mata da 'ya'ya da sunayensu, don haka in kika ga sunan Baba da na Goggo a cikin magada, kin kama mutuminki, babu sauran zato. Daga nan sai ki duba abin da ya bari. In akwai gidan nan mai iyakokin da aka faɗa a 1939, takarda ta uku tasa ce. In akwai haƙƙoƙin aiki daga hukumar jirgi, ta farko tasa ce. In kuwa gidan nasa ne, kuma ya tabbata shi da kansa ya tsaya a gaban shaidu a watan da ɗaurarren ke kurkuku, kin wanke shi da hujjar da babu mai iya turewa.

Shekarun da aka rubuta wa mutum kada ki riƙe su da ƙarfi. A zamanin da haihuwa ba ta shiga rajista, kintace ake yi, kuma kintace yana son lambobi masu ƙarewa da sifiri ko biyar. A ƙidayar jama'a ta 1841 a Ingila umarni ma aka ba masu ƙirga su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, sai mai 24 ya koma 20. Mai neman aiki kuma yakan ƙara ko ya rage don ya dace da abin da ake so. Ga bambancin kalanda: shekarar hijiriyya ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, shekara 33 na hijiriyya kusan 32 ne na miladiyya. Tazarar shekara biyu ko uku ba ta raba mutum biyu, ba ta kuma haɗa su. Tazarar ashirin ce take magana.

Kafin duk wannan zirga-zirgar ofis, ki je wurin Goggo, kuma ki je a wannan makon. Ita ce kaɗai ta ga gidan da idonta tana da wayo. Yadda za ki tambaye ta yana da muhimmanci ƙwarai. In kika ce, "Goggo, wai an taɓa ɗaure Kaka?" kin riga kin ba ta amsa biyu ta zaɓa, kuma za ta zaɓi wadda ta rufa asirin mahaifinta ko wadda ta ga kina so. Ki ce, "Goggo, Umaru nawa ne a dangi lokacin kuna yara? Da me ake kiran kowanne?" Gidan da ke da takwarori ba ya rasa laƙabin da yake rarrabe su da shi, babba da ƙarami, dogo da gajere, ko sunan sana'a, kuma laƙabin nan ba ya shiga takarda, a bakin tsofaffi yake zaune. Ki tambaye ta wace sana'a mahaifinsu yake yi, da wane irin kaya yake fita da safe, ko ta taɓa ganinsa yana rubutu, su wa ke maƙwabtaka da su, ko akwai lokacin da ya yi doguwar tafiya aka bar su da wani. Ki bar ta ta yi ta zagaye, kada ki katse ta. Ki nemi izininta ki naɗi muryarta a waya, bayan kin dawo ki ware abin da ta gani da idonta daga abin da aka ba ta labari. In akwai wani tsoho a dangi, ki same shi shi kaɗai, domin tsofaffi biyu in suna wuri ɗaya ɗaya yakan bi ɗaya. Ki kuma nemi shekarar haihuwarta da ta sauran 'yan ɗakinsu, har waɗanda suka rasu suna jarirai. In akwai wanda aka ɗauki cikinsa a watannin da ɗaurarren ke tsare, wannan ma hujja ce.

In littafin naku zai haura sama da kakanki, ki yi hattara da wata ɓarna da baki ke yi wa salsala: kaka da jika masu suna ɗaya sukan narke su zama mutum guda, sai a wayi gari ana ba da labarin wani da ya yi yaƙi yana saurayi kuma ya ga abin da ya faru bayan shekara ɗari da ashirin. Masanin tarihi Ibn Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406 ta miladiyya, ya ba da ma'auni mai sauƙi: a ƙirga uba uku a kowace shekara ɗari, in adadin sunaye bai yi kusa da haka ba, an tsallake wani ko an cusa wani. Ma'auni ne na kintace, amma yana tona inda aka haɗe mutum biyu.

Rashin samun takarda ba ya nufin abu bai faru ba. Takardu suna ƙonewa, gara tana ci, ruwa yana lalatawa. Mafi yawan ƙidayar Amurka ta 1890 ta salwanta sanadiyyar gobara a Washington a 1921, ma'ajiyar takardun gwamnati ta Dublin a Ailan ta ƙone a 1922, ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ita ma wuta ta cinye ta a 1942. A intanet akwai rumbuna irin su FamilySearch da ke ɗauke da hotunan tsofaffin rajistoci kyauta, kuma hoton takardar asali abin dogaro ne. Jerin zuri'ar da mutane ke haɗawa da kansu su ɗora kuwa, nan ne takwarori suka fi cakuɗewa, domin wani ya yi kuskure sau ɗaya, ɗari sun kwafa. Gwajin ƙwayoyin halitta ma ba zai fitar da ke a nan ba. Ƙwayar da ake bin layin maza da ita tana sauka daga uba zuwa ɗa kusan ba canji, saboda haka Umaru biyu 'ya'yan wa da ƙani iri ɗaya za su nuna, balle kuma kundin kotu ba ya ɗauke da jinin kowa.

Yanzu mu ɗauka bincike ya ƙare, ya tabbata kakanki ne aka ɗaure. Ra'ayina shi ne ba dole ba ne ki kai wa Baba. Mutum ne da ya tashi maraya, ya rayu sama da shekara saba'in da ɗan abin da ya riƙe na mahaifinsa, yanzu yana jinya, kuma bai aike ki neman wannan ba. Babu haƙƙin wani mai rai da ya rataya a kan saninsa. Ki kai masa abin da ya tabbata na alheri, sunan unguwar, da maƙwabtan, da abin da Goggo ta tuna. In shi da bakinsa ya tambaye ki ko kin ga wani abu, kada ki yi masa ƙarya. Ki faɗa masa a hankali, tare da duk abin da ya biyo baya a rayuwar mutumin, domin shekara biyu ce a cikin rayuwar da ta ci gaba har aka haife shi. Kada kuma ki yi mamaki in kika tarar shi da Goggo sun daɗe da sani, sun yi shiru ne don ku.

Shawarar ɗan baffanki kuwa, rabinta na karɓa. Ba wajibi ba ne ku buga laifin mamaci a littafin da zai zagaya dangi, suturta shi ba ha'inci ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki aikin jirgi a rataya wa kakanku ba tare da hujja ba, domin in na ɗaya Umarun ne, kun ƙwace wa wani tarihin ubansa. Mafi muni kuma shi ne a rubuta, ko a faɗa a taron dangi, cewa ai wancan Umarun ne aka ɗaure, don kawai a wanke naku. Shi ma yana da jikoki, wataƙila kuna gaisawa da su, kuma za su karanta. Inda ba ku kai ga tabbaci ba, ku rubuta haka ƙarara: "An samu wani Umaru Aliyu da ya yi aikin akawu a hukumar jirgin ƙasa daga 1931, ba a tabbatar ko shi ne kakanmu ba." A ƙarƙashin kowace magana ku sa inda kuka samo ta, sunan ma'ajiyar da lambar fayil ɗin, ko sunan tsohon da ya faɗa da ranar da ya faɗa. Ta kotun kuma ki ɗauki hotonta ki adana tare da lambarta a wurinki, ko da ba ta shiga littafin ba, domin wanda zai ci gaba da binciken bayanki zai sake cin karo da ita, kuma zai buƙaci ya ga inda kika tsaya.